Gargaɗi ga Iyayen Yaran da Suka Warke Daga Ciwon Daji: A Duba Zuciyarsu Tun Kafin Ta Gaza

Zuwa ga iyaye da kakanni, malaman boko da na allo, ungozomomi da ma'aikatan lafiya na Kimba da sauran garuruwan Jega, Aliero da Maiyama.

Wannan kira ne na gaggawa ga duk gidan da Allah ya jarrabi ɗansu ko 'yarsu da ciwon daji tun ƙuruciya, aka yi ta zirga-zirga zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Zariya, aka sayar da dabba da hatsi, wasu har da gona, kuma Allah ya ba da sauƙi. Ranar da likita ya ce an gama kemo, wato magungunan kashe dajin, rana ce ta hamdala. Sai dai akwai maganar da iyaye da yawa ba su ji ba, ko an faɗa musu ta bi iska a cikin murnar sallama. Wasu daga cikin magungunan da suka kashe dajin suna barin rauni a tsokar zuciya, kuma raunin kan ɓuya shekara 5, ko 10, ko 20 kafin ya bayyana. Yaro yana cin abinci, yana wasa, yana tsawo, alhali ƙarfin zuciyarsa yana raguwa a hankali. Idan an gano da wuri, akwai magungunan da ke tallafa mata. Idan aka jira sai ƙafa ta kumbura numfashi ya gagara, to abin ya riga ya yi nisa.

Kada wannan ya sa a guji kemo

Tun da farko, kada wani uba ya karanta wannan gargaɗi ya ɗauke ɗansa daga asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000 ne ke kamuwa da ciwon daji kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 suna warkewa, amma a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai 30 cikin 100 ba. Abin da ke kashe namu shi ne zuwa asibiti a makare, da rashin kuɗin magani, da yanke jinya a tsakiya da zarar kumburi ya sace. A 2018 hukumar ta ƙaddamar da shirin da ke neman a kai matsayin da aƙalla yara 60 cikin 100 za su tsira kafin 2030. Yaron da ake yi wa kemo yanzu a ci gaba da kai shi har zagaye na ƙarshe. Dajin da ba a gama maganinsa ba yana iya kisa cikin watanni, shi kuwa raunin zuciya ana iya sa masa ido a tare shi.

Wane yaro abin ya shafa?

Ba kowane yaron da aka yi wa kemo ba ne yake cikin wannan haɗari. Abu biyu ne likitoci suka fi tsoro.

Na farko shi ne maganin nan ja da ake sa wa ta jijiya, wanda iyaye mata da suka yi zaman jinya ba sa mantawa da shi, domin yana mayar da fitsarin yaro ja na kwana ɗaya ko biyu. A takardar asibiti za a ga an rubuta Doxorubicin ko Adriamycin, akwai kuma ɗan'uwansa Daunorubicin. Ana ba da su a dajin jini, da dajin ƙashi, da dajin kaluluwa irin na Hodgkin, da dajin ƙoda na yara idan ya yi nisa. Dajin Burkitt, wanda ke kumbura muƙamuƙi ko ciki, wani tsarin maganinsa yana da wannan jan ruwa, wani ba ya da shi. Dajin ido na ƙananan yara, wanda ke farawa da farin haske a ƙwayar ido, galibi da wasu magunguna daban ake yi masa. Saboda haka sunan cutar kaɗai bai isa ba, sai an san abin da aka zuba a jikin yaron da kuma yawansa.

Na biyu shi ne gashin na'ura, idan an yi shi a ƙirji ko a saman ciki kusa da zuciya. Gashi yana iya taurara jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, ya lalata ƙofofin cikinta, ko ya taɓa fatar da ta lulluɓe ta. Yaron da ya haɗa jan ruwa da gashin ƙirji ya fi kowa shiga haɗari. Haka wanda aka yi wa magani yana ƙasa da shekara 5, kuma bincike da dama ya nuna 'ya'ya mata sun fi maza saurin taɓuwa.

Dalilin ɓuyar wannan rauni yana da sauƙin fahimta. Gashin kai da kemo ya zubar yana sake tsirowa, jini ma yana komawa daidai, amma ƙwayoyin tsokar zuciya da suka mutu ba sa samun magada sai ɗan abin da ba a rasa ba. Waɗanda suka rage su ke ɗaukar aikin duka. Manomin fadama ya san injin ban ruwan da ya taɓa samun matsala: yana iya shayar da ɗan ƙaramin fage shekara da shekaru ba a ji komai ba, sai ranar da aka ƙara masa fage sannan ya tsaya. Ga yaro, ƙarin fagen shi ne saurin girma na balaga, da juna biyu, da hawan jini, da zazzaɓi mai tsanani, da ƙarancin jini.

Wannan ba zato ba ne. A 1991 likitoci a Boston ta Amurka sun duba yara 115 da suka warke daga dajin jini bayan an ba su jan ruwan nan, suka sami alamar rauni a zuciyar fiye da rabinsu. Wani babban bincike kuma da ya bi mutum fiye da 14,000 da aka yi wa maganin daji suna yara tsakanin 1970 da 1986 ya gano cewa haɗarin gazawar zuciya a wurinsu ya kusa ninki 6 na 'yan'uwansu da ba su yi ciwon ba. A ƙasashen da waɗannan yara ke daɗewa a raye, ciwon zuciya yana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe su bayan dajin kansa. Yaranmu kuwa suna da ƙarin nauyin zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci mai gina jiki.

Takardar da ta fi takardar gona

Abu na farko da ya wajaba a kan kowane uba a wannan makon shi ne neman takardar jinyar ɗansa. A buɗe akwati da jakar katin asibiti a duba. Idan ta ɓace, ko ba a taɓa bayarwa ba, a koma asibitin da aka yi kemo da lambar kati, a roƙi likita ya rubuta abu huɗu: sunan dajin, sunayen magungunan da aka bayar, jimillar jan ruwan da yaron ya sha daga farko zuwa ƙarshe, da wurin da aka yi gashi tare da yawansa. A ɗauki hoton takardar da waya, a aje kwafi a hannun mutum biyu. Yaro zai girma, ya tafi karatu ko ci-rani, ya yi aure a wani gari, ya gamu da likitan da bai san komai a kan tarihinsa ba. Wannan takarda ce za ta yi magana a madadinsa.

Da ita likita zai san sau nawa za a riƙa yi wa yaron eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura irin ta sikanin ciki, ba allura, ba zafi. Ƙwararrun ƙasashe da suka daidaita ƙa'idar bibiyar waɗannan yara sun sabunta ta a 2023. Wanda jimillar jan ruwansa ta kai miligiram 250 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, ko aka yi masa gashi mai yawa a ƙirji, ko ya haɗa biyun, a yi masa eko duk shekara 2. Wanda nasa ya faɗa tsakanin 100 da 250, duk shekara 5. A fara kafin a wuce shekara 2 da gama magani, kuma a ci gaba har girma. Lissafin aikin likita ne, naku shi ne ku kai takardar ku yi tambaya. A fara da babban asibitin Jega, ko na Aliero, ko na Maiyama, a karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake da likitocin zuciya na yara.

Kada a ce ai yaron lafiyarsa lau. Mai lafiya lau ɗin ake yi wa eko, domin na'ura tana ganin rauni shekaru kafin jiki ya ji shi, kuma a lokacin ne magani ya fi aiki.

Alamomin da ba a kwana da su

Duk wanda ya taɓa shan kemo, yaro ne ko ya girma, a kai shi asibiti a ranar idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Haki a kan ɗan aikin da a da yake yi ba wahala, kamar tafiya makaranta ko ɗebo ruwa.
Kumburin ƙafa, ko fuska, ko ciki.
Kasa kwanciya sai an tokare shi da filo, ko farkawa cikin dare numfashi na sarƙewa.
Tarin da ya fi tsananta idan an kwanta.
Bugun zuciya da sauri ko da tsallake alhali yana zaune.
Ciwon ƙirji, jiri, ko suma, musamman a lokacin gudu.
Ga ƙananan yara, ƙin abinci, amai, ciwon ciki da rama ba dalili.

Mun saba fassara irin waɗannan alamomi da fuka, ko sanyi, ko shawara, wani lokaci a ce iska ce ko sammu. Sai a yi makonni ana jiƙe-jiƙe da hayaƙi, ana sayen ƙwayoyi a kemis. A yi addu'a, a yi sadaka, amma a yi su a kan hanyar asibiti. Da an shiga wurin likita, kalmar farko ta zama: wannan yaron ya taɓa shan kemo. Kada kuma a yarda a ɗaura masa ƙarin ruwa a gida ko a shago, domin zuciya mai rauni ba ta iya ɗaukar ruwa mai yawa lokaci ɗaya, yana iya taruwa a huhu.

Kuskure biyu a kan motsa jiki

Gidajenmu sukan faɗa ɗayan kuskure biyu. Wasu, saboda tausayi, sai su killace yaron. Ba ƙwallo, ba keke, ba aike, ko gudu ya yi sai uwa ta kira shi ta ce zauna, kai ba lafiya gare ka ba. Wannan tausayi yana cutarwa. Yaron da ya yi watanni a gadon asibiti tsokarsa ta saki, numfashinsa ya gajarta, kuma zama ba ya dawo da su. Zama yana jawo ƙiba da hawan jini da ciwon sukari, waɗanda su ne ke ƙarasa zuciyar da magani ya riga ya taɓa. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan waɗanda suka warke daga dajin Hodgkin suna yara ya nuna masu motsa jiki sosai a kowane mako haɗarin ciwon zuciyarsu ya ragu da kusan rabi idan aka gwada da marasa yi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki na minti 60 a rana, babba kuma aƙalla minti 150 a mako. Wanda ya warke daga daji yana cikin wannan lissafi, sai dai in likita ya ce a rage.

A fara da kaɗan. Tafiya da sauri minti 10 bayan asuba ko bayan la'asar, a riƙa ƙarawa mako bayan mako. Keke, langa, tsallen igiya, ƙwallo da sa'o'insa, shara da ɗan aikin gona mara nauyi, duk suna da amfani. Ma'aunin da kowa zai iya riƙewa shi ne magana: idan yana motsi yana iya magana, yana kan daidai, idan haki ya hana shi haɗa jimla, ya sassauta. A watannin bazara, lokacin da zafin ƙasar nan ke haura digiri 40, a guji tsakar rana, a sha ruwa sosai. Ranar da yake zazzaɓi ya huta. 'Yan mata su ma suna da haƙƙi a wannan, kuma tsakar gida ta ishe su tsallen igiya da zagaye.

Kuskure na biyu shi ne a ga yaro ya murmure ya zama saurayi, sai a ɗora masa duk abin da ake ɗora wa sa'o'insa. Dakon buhun albasa a kasuwar Aliero, lodin shinkafa a Jega, haƙar rijiya, kokawa, dambe, ɗaga ƙarfe don tara ƙwanji. Aikin da ake yi da yunƙuri ana riƙe numfashi yana tayar da jini farat ɗaya, kuma likitoci sun ga inda irinsa ya tunzura gazawar zuciya ga waɗanda suka sha jan ruwa. Duk wanda ya sha wannan magani ko aka yi masa gashi a ƙirji, kada ya shiga dako ko kokawa ko gasar gudu ko atisayen shiga aikin ɗamara sai an yi masa eko likita ya ba da izini. Na san a gidaje da yawa kuɗin dakon nan shi ne cefane. Amma saurayin da aka sha wahalar ceto shi daga daji ya cancanci a nema masa sana'ar da ba za ta karya shi ba: ɗinki, gyaran waya, tsaron shago, ko karatu.

'Yan mata, aure da juna biyu

Nan ne haɗarin ya fi kusa da mu. A lokacin juna biyu jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabi, kuma zuciya ce ke juya shi duka. Arewacin Najeriya dama yana cikin wuraren da gazawar zuciya ta bayan haihuwa ta fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka rubuta a kanta, suka danganta ta da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Wani bincike a Sakkwato ya same ta a kusan haihuwa 1 cikin 100. Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano da abokan aikinsa sun bi ta a asibitoci da dama, suka nuna rawar da talauci da rama da ƙarancin wani sinadari a jiki ke takawa. To ina ga yarinyar da ta shigo wannan hali da zuciyar da jan ruwa ya riga ya taɓa?

Yarinyar da ta warke daga daji tana iya aure, kuma da yawansu suna haihuwa lafiya. Sharaɗin shi ne a yi mata eko kafin ta ɗauki ciki, ko a watanni ukun farko. Ta yi awo a asibiti tun da wuri, ta faɗa wa ma'aikatan awo tarihinta, ta haihu a babban asibiti. Iyaye kan ɓoye wa dangin miji cewa 'yarsu ta taɓa ciwon daji don gudun kada a fasa. Ina roƙonku da Allah, ko ba a shelanta wa gari ba, mijin da zai kai ta asibiti cikin dare ya sani. Ku kuma iyayenmu mata da ungozomomi, mai jegon da ke da wannan tarihi a ɗauke mata kunun kanwa, domin kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki, a kuma sassauta mata zafin wanka. In ta fara haki ko kumburi a cikin arba'in ko bayansa, kada a ce jego ne, a tafi asibiti.

Abin da za a kiyaye kullum

Bincike a kan waɗannan yara ya nuna hawan jini shi ne abin da ya fi ninka haɗarin idan ya haɗu da tsohon raunin magani. A auna jininsu aƙalla sau ɗaya a shekara, ko a ƙaramin asibitin gari, in ya kai 140 bisa 90 ga babba a nemi likita, in an ɗora shi a kan magani kada ya yanke. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya, domin abin da ake so ga babba bai wuce giram 5 a rana ba, wato ƙaramin cokali ɗaya. A yawaita wake, zogale, rama, kifi da 'ya'yan itace. Taba, shisha, tiramol da lemukan ƙarin kuzari da samari ke sha don aikin gona, duk guba ne ga irin wannan zuciya. A kwana cikin gidan sauro, a yi maganin zazzaɓi da wuri, a duba ƙarancin jini. Ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi a kai shi asibiti, domin wani irinsa yana lalata ƙofofin zuciya. Wanda ke shan maganin zuciya ya tuntuɓi likitansa kafin azumi, addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Kira ga masu iko da masu faɗa a ji

Jihar Kebbi ba baƙuwa ba ce a yaƙi da ciwon daji. Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, likitar yara kuma matar tsohon gwamna, an zaɓe ta a 2024 a matsayin shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya. Jihar da sunanta ya kai can bai kamata yaranta da suka tsira su ɓace bayan sallama ba. Muna roƙon asibitocin da ke yi wa yara kemo su riƙa ba kowane uba takardar taƙaitaccen magani, a yi masa bayaninta da Hausa. Muna roƙon ma'aikatar lafiya da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha su sa eko na waɗannan yara cikin abin da ake biya wa marasa ƙarfi. Kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega ta koya wa ɗalibanta su riƙa tambayar duk mai haki ko kumburi ko ya taɓa shan kemo. Hakimai da dagatai na masarautar Gwandu, da limaman Juma'a daga Kimba da Jandutsi zuwa Sabiyal da Ɗanwarai, har Andarai da Mungadi, ku isar da wannan magana, domin kun san gidajen da aka yi irin wannan jinya. Malaman makaranta, kada ku ware yaron daga wasanni, kada kuma ku hukunta shi da tsallen kwaɗo ko zagayen fili a rana.

Ku iyaye, kada watan nan ya ƙare ba ku yi abu uku ba: ku nemo takardar magani, ku kai yaron a auna jininsa a sa masa ranar eko, ku bar shi ya fita ya motsa jiki gwargwadon abin da likita ya yarda. Wanda ya san maƙwabci ko ɗan'uwan da abin ya shafa kuma ba ya karatu, ya je ya karanta masa. Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu fita haƙƙin amanar da ya ba mu. Amin.